Masu Mayar da Lebura Magini a Agege

Idan ka tsaya a bakin wani babban gini da ake yi a Legas, za ka ga an kafa allo ɗauke da sunan mai zane, da injiniya, da ɗan kwangila, da lambar izinin hukuma. Akwai mutumin da sunansa ba ya hawa wannan allo, alhali rabin ingancin ginin a hannunsa yake. Wasu na ce masa heluma, wasu oga, yaransa Hausawa kuwa maigida suke ce masa. Galibi tsohon birkila ne wanda siminti ya cinye wa tafin hannu. Aikinsa na fili shi ne ya tabbata bango ya miƙe kuma kankare ya kama. Amma gwanintarsa da ta fi burge ni ita ce wadda ba a biyan sa kuɗinta: ya karɓi yaron da ya sauko daga tirela jiya, wanda bai san bambancin bulo mai inci 6 da mai inci 9 ba, ya riƙe shi shekaru har ya zama maginin da ake nema a waya.

Ba gini ne ya fara kawo Bahaushe Agege ba, goro ne. An fara shimfiɗa layin dogo daga Iddo a 1896, ya ratsa ta Agege ya isa Ibadan a 1901, kuma a 1912 aka haɗe shi da layin da ya kai Kano. Fatake suka samu wurin da gonakin goro suke kusa da tashar jirgi, suka yi zango, zango ya zama unguwa mai sarkinta da masallatanta da makarantun allonta. Daga baya harkar shanu da mayankar Oko-Oba suka ƙara jawo mutane. Yau kuwa duk inda ka waiga a Agege gini ake yi. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema mai tsawon kilomita 1.4 a watan Maris na 2021, sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a shekarar da tasharsa a Agege, sannan aka ƙaddamar da Jan Layi na jirgin cikin gari a Fabrairun 2024. Ana rushe tsofaffin gidaje masu ɗakuna a jere, ana tayar da benaye a gurbinsu, haka nan a Ogba da Abule-Egba da Iyana-Ipaja har a tsallaka jihar Ogun. Kowane ɗaya cikin waɗannan gine-gine hannaye yake nema.

Hannayen kuwa suna zuwa. Daga ƙauyukan Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato, har da na Maraɗi da Damagaram, samari na saukowa cin rani, wasu kuma rashin tsaro ne ya koro su daga gona. Hana acaɓa da gwamnatin Legas ta yi a manyan ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a 2022, ya sa wasu sun ajiye babur sun ɗauki shebur. Da asuba za ka gan su a bakin titi da diga da shebur suna jiran mai ɗauka. Yawancinsu a nan za su ƙare: haƙar harsashi, sauke bulo, ɗaukar kwano, yau da aiki gobe babu. Wanda ya yi sa'a shi ne wanda ya faɗa hannun maigidan da ya iya koyarwa.

Irin wannan maigida ba ya buɗe aji. Koyarwarsa tana cikin jerin ayyukan da yake ba yaro, da lokacin da yake matsar da shi daga wannan zuwa wancan. Watannin farko kwano ne da baro da jan ruwa. Mai kallo daga waje zai ce bauta ce kawai ake yi masa, amma maigida ido yake sa wa. Yana lura da wanda yake sauke bulo a hankali da wanda yake jefarwa har baki ya gutsure. Yana lura da wanda yake ajiye kwaɓi daidai inda hannun birkila zai kai, da wanda yake wanke shebur kafin siminti ya bushe a jikinsa ba tare da an ce masa ba. Babban abin da yake nema shi ne yaron da idan ya kawo kwano ya sauke, yakan ɗan tsaya ya kalli yadda ake ɗora bulo kafin ya juya. Wannan ɗan tsayuwar ita ce takardar neman shiga makaranta, kuma gwanin maigida ba ya kuskuren karanta ta.

Daga nan sai kwaɓi, kuma a nan ilimin gaske yake farawa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma magina sun ɗauka yana cika kwano biyu. Idan injiniya ya rubuta 1:2:4, yaro zai koyi cewa buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi da kwano takwas na tsakuwa, kowane kwano a share bakinsa, kada a yi masa tozo. Zai koyi damƙar yashi ya buɗe hannu ya ga ko ya bar jan ƙasa a tafinsa, domin yashi mai laka yana hana siminti kamawa. Zai koyi a juya kayan a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Sai kuma darasin da ya fi kowanne wuyar shiga kai, wato ruwa. Kankare mai ruwa da yawa ya fi sauƙin juyawa, ya fi sauƙin zubawa, ya fi daɗin aiki ga wanda ya gaji. Shi ya sa hannun lebura kullum yake kaiwa ga bokiti. Amma ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata, idan ya bushe ƙananan kafofi yake bari a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba wanda zai gani da ido. Maigida yakan tsaya a kan yaro ya ce, "Kai Malam, tuwo na ce ka tuƙa mini, ka kawo mini kunu?" A yi dariya, amma a sake kwaɓin. Yaron da aka sa ya sake kwaɓi sau biyu a rana ɗaya ba ya sake mantawa.

Ranar da aka miƙa wa yaro cokalin gini babbar rana ce, kuma maigida mai hankali ya san haka. Ba ya ba shi bangon gaba da mai ginin zai gani. Yakan ɗora masa bulon kusurwa biyu da hannunsa, ya ja igiya a tsakaninsu, ya ce ya cike tsakiyar a wani bangon ciki da za a rufe da filasta. Yaro zai koyi cewa igiya ba a taɓa ta, ana bin ta ne kawai. Cewa gaɓar bulon sama ba ta sauka a kan gaɓar na ƙasa. Cewa bayan kowane layi ana ɗora lebul a ga ko ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. Daga baya a koya masa fitar da kusurwa da tef kaɗai: a auna uku a wannan gefe, huɗu a wancan, idan tsakaninsu ya ba da biyar to kusurwa ta yi daidai. A makarantar sakandare da sunan wani masanin Girka ake koyar da wannan ƙa'ida, a nan kuwa yaron da allo kaɗai ya yi yana riƙe ta cikin yini ɗaya, domin ya ga amfaninta a ƙasa da turaku da igiya.

Bangon farko kusan kullum karkacewa yake yi. Abin da maigida zai yi a wannan lokaci shi ke raba gwani da mai ihu kawai. Mai ihu zai zagi yaron da iyayensa a gaban Bayarabe da Batoge da mai sayar da abinci, ya ƙwace cokalin, kuma ya yi asarar magini har abada. Gwani kuwa zai miƙa wa yaron lebul ya ce, "Ɗora da kanka, ka gaya mini abin da ka gani." Yaro ya ɗora, ya ce, "Maigida, ya kwanta." Sai ya ce, "To me za a yi?" Yaron da bakinsa zai ce a rushe. Bangon zai sauka ko ta wace hanya, amma ta wannan hanya idon yaron ne ya kama laifin, kuma ido ake so a gina masa, domin wata rana ba maigida a bayansa. Yabo kuma a gaban jama'a ake yin sa, kuma ba a yawaita shi. "Wannan layin ya yi" daga bakin mutumin da ba ya faɗa a banza yakan riƙe yaro mako guda.

Wannan salon ba baƙo ba ne a wurinmu. Hausawa sun daɗe da sarautar Sarkin Magina, kuma gini sana'a ce ta gado da ake koya daga cura tubali har zuwa ɗaure bakan gizo da azara. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, daga irin wannan makaranta ya fito. Haka Falke Barmu na ƙauyen Yama a jihar Tawa, wanda masallacin ƙasar da ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sai dai ginin ƙasa yana da afuwa: idan ka yi kuskure ka jiƙa ka gyara, kuma kowace shekara ana sake yaɓe. Kankare ba ya yafiya. Abin da aka zuba yau, shi za a zauna a ƙarƙashinsa shekara hamsin. Maigidan Agege ya gaji tarbiyyar magabata, amma kayan da yake aiki da su ba sa ba shi damar kuskure irin tasu.

Duk wanda yake son ganin wannan gwaninta a cikarta, ya je ranar zuba dakin, wato rufin kankare na bene. Tun jajibiri maigida ya zaga da injiniya sun duba ɗaurin rodi, sun duba gorar da ta tokare katako, sun tabbata an saka ƙananan guntayen kankaren nan da ake kira biskit a ƙarƙashin rodi don kada ƙarfe ya kwanta a kan katako. A gari mai laima da iskar gishiri irin Legas, rodin da kankare bai lulluɓe shi sosai ba tsatsa yake yi, ya kumbura, ya fasa abin da ke kewaye da shi. Da gari ya waye, mutum talatin ko arba'in sun hallara, kuma aikin da za su yi ba ya son tsayawa, domin idan wani ɓangare ya fara ƙanƙamewa kafin a zuba na kusa da shi, mahaɗar tana zama rauni. Ga masu loda yashi da tsakuwa, ga mai kula da injin kwaɓi, ga jerin masu kwano suna hawa gadar katako suna saukowa, ga masu baza kankare a sama, ga mai injin girgiza da ke fitar da iska daga ciki, ga kafinta a ƙasa yana sauraron ko wata gora za ta yi ƙara.

Maigida a wannan rana ba ya riƙe cokali. Ƙarfin mutane yake aunawa. Ya san wanda yake da zafin farawa amma yake mutuwa kafin azahar, ya san mai sanyi wanda zai kai magariba. Yana juya su: wanda ya yi awa biyu yana hawa da kwano sai a sauko da shi wurin loda, wanda ke ƙasa ya hau. Yana sa amintaccen yaronsa ya ƙirga kwanukan da ke shiga inji, domin bayan la'asar, idan gajiya ta zo, lissafi ne yake fara ɓacewa. Yana tura mutane salla kashi-kashi yadda inji ba zai tsaya ba kuma ba wanda zai rasa lokaci. Yana magana da Hausa ga wannan, da Yarbanci ga wancan, da turancin buroka ga kowa, kuma yana kashe faɗa tun yana ƙaramin gunaguni. Idan ya ga layin ya fara sanyi, ba abin mamaki ba ne ya cire hula ya ɗauki kwano ya hau sau biyu ko uku. Ba don kwanonsa zai rage aikin ba. Samari ba sa iya tsayawa suna kallon mai furfura yana hawa.

Bayan an gama, saura aikin da ba mai tafa wa. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, ba ya kai cikakken ƙarfin da ake lissafa masa sai bayan kwana 28, kuma gorar da ke ƙarƙashin dakin takan yi kusan mako uku kafin a cire. Yaron da maigida ya ba wa tiyo ya ce ya riƙa zuwa safe da yamma, ba raina shi ya yi ba. Amanar da ba mai duba ta ya ba shi, kuma daga yadda ya riƙe ta zai san ko za a iya bar masa wurin aiki nan gaba.

To me ke sa mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya a ginin da ba zai taɓa kwana a ciki ba? A manyan kamfanoni ana shirya taruka a kan wannan tambaya. A wurin gini amsar farko kuɗi ne, a kan lokacinsa, cif yadda aka yi jinga. Leburan yini da yamma yake sayen abincin darensa, daga ciki yake zuba adashi, daga ciki yake tura wa gida. "Ka dawo gobe" a wurinsa yunwa ce. Addini ya yi horo mai ƙarfi a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago, amma maigida ya san abin ta wata fuskar ma: wanda aka riƙe wa kuɗinsa shi ne mai ƙara ruwa a kwaɓi, shi ne mai barin rodi ba ɗauri, shi ne wanda buhun siminti ke ɓata a hannunsa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 an ga bambanci ƙarara, domin a lokacin ne ma'aikata suka gane wane oga ne zai yi yawon neman tsabar kuɗi ko ya tsaya wa yaransa a wurin mai abinci, wane ne kuma zai kashe waya. Akwai ogannin da ke karɓar kuɗin mutum goma su kawo bakwai, ko su yanki wani abu daga kuɗin kowane yaro. Waɗannan kullum cikin neman sababbin ma'aikata suke. Maigidan kirki kuwa waya ɗaya zai buga a Zango, mutum ashirin su fito.

Bayan kuɗi sai mutunci, kuma ƙananan abubuwa ne ke nuna shi. Da azumi a fara aiki da sassafe a tashi kafin rana ta yi tsanani, a guji sa ranar zuba dakin idan da hali. Ranar Juma'a a saki mutane da wuri. A saya musu takalmin roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata. Idan ƙusa ta soki yaro a kai shi a yi masa allura maimakon a ce ya ɗaure da tsumma. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, amma leburan da ba sunansa a kowace takarda da wuya ta iso gare shi. Inshorarsa ita ce maigidansa da ’yan garinsu.

Na uku, wanda a ganina ya fi ɗorewa, shi ne yaro ya ga matakala a gabansa. Idan ya san cewa wanda ke ɗora bulo a can sama bara waccan kwano yake ɗauka, kuma yau kuɗin yininsa ya fi nasa nesa, to kwanon ma yakan rage nauyi. Shi ya sa gwanin maigida ba ya ɓoye sani. Wasu na tsoron idan suka koya wa yaro komai zai ƙwace musu kasuwa. Gwani ya san aikin Legas ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma yaron da ya yaye shi ne zai kira shi gobe idan ya samu kwangilar da ta fi ƙarfinsa.

Akwai inda muke da rauni, kuma gara a faɗa. Yarabawa suna da tsarin koyon sana'a mai yarjejeniya da adadin shekaru da bikin yaye ɗan koyo, kuma ƙungiyoyin birkilolinsu suna da ƙarfi. Masu aikin tayil da silin daga Togo da Benin sun yi suna a Legas saboda sukan daɗe a hannun mai koyarwa kafin su tsaya da kansu. Namu yaron kuwa, da hadari ya haɗu a arewa sai zuciyarsa ta koma gona, ya tafi wata huɗu, ya dawo hannu ya yi sanyi, wani lokaci ma ya faɗa wurin wani oga ya sake farawa daga kwano. Ba laifi ba ne mutum ya je ya noma abin da iyayensa za su ci. Maigidan da ya fahimci haka ba ya faɗa da damina. Yakan ce, "Je ka, Allah ya ba da amfani, cokalinka yana nan," ya kuma riƙe alkawarin. Da wannan kaɗai an ceto magina da yawa daga zama leburori har tsufa.

Abin ya wuce maganar abincin samari. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, mutum fiye da 40 suka mutu, da yawansu ma'aikata ne. Irin wannan masifa galibi daga sama take farawa, daga zane da izini da kwaɗayin masu kuɗi, kuma ba adalci ba ne a ɗora ta a kan mai kwano. Hukumar LASBCA tana da aikin duba gine-gine, amma jami'inta ba ya kwana a wurin aiki. Wanda yake nan lokacin da mai ginin zai ce a rage buhu biyu, ko a sa rodi mai milimita 12 inda aka rubuta 16, shi ne maigida. Idan ya ce "ba da hannuna ba" ya tattara kayansa, yaransa suna kallo, kuma wannan ma darasi ne da ba a koyar da shi da baki.

Abin da ya rage wa yawancin waɗannan gwanaye da yaransu shi ne takarda. Manyan kamfanoni shaida suke tambaya, kuma magini mai shekara ashirin a kan aiki yakan tsaya a bakin ƙofa saboda ba shi da ita. Hanyoyin kuwa suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, don horar da ma'aikata yake karɓar kuɗi daga kamfanoni. Hukumar CORBON ce ke kula da sana'ar gini a ƙasa, kuma jihar Legas tana da kwalejojin fasaha, ɗaya a Agidingbi, tafiyar mota kaɗan daga Agege. Da fadar Sarkin Hausawan Agege da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ’yan gari za su rubuta sunayen maginan da aka yarda da aikinsu, su tattara yaransu rukuni-rukuni, su nema musu rajistar wannan jarrabawa da mai fassara ga wanda Turanci ke ba wuya, da shekara mai zuwa yaran da ke ɗora bulo a Dopemu da Orile-Agege za su iya shiga layin ɗaukar aiki a Lekki da shaidarsu a hannu.